Murya Aro Ce: Darasi Daga Rayuwar Julie Andrews

A kowace makaranta akan sami yarinya ko yaro wanda in ya buɗe baki zai rera waƙa sai zaure ya yi tsit. Mu ma muna da irinsu. Mun san su a ƙungiyar mawaƙa, mun san su a ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma ranar rabon kyaututtuka su ake turawa gaba domin baƙi su ga makaranta tana da abin nunawa. Saboda su na ɗauki alkalami, da kuma saboda mu da muke tafa masu.

Zan ba da labarin wata mata 'yar Ingila mai suna Julie Andrews. Da yawa cikinmu sun taɓa ganinta ko da ba su riƙe sunanta ba. Ita ce matar nan mai gajeren gashi da take buɗe hannuwa tana juyawa a kan tudu a farkon fim ɗin The Sound of Music. Ta yi fiye da shekara 50 tana cin abinci da muryarta. A 1997 aka yi mata aiki a maƙogwaro, ta farfaɗo ba ta iya rera waƙa. Abin da ya faru da ita kafin wannan rana da kuma bayanta shi ya sa nake da wannan ra'ayi: baiwa aro ce, ana iya karɓe ta ba sallama. Abin da yake na mutum shi ne aikin da ya koya da halin da ya gina sa'ad da baiwar take hannunsa.

Kafin in shiga labarin, bari in bayyana irin sana'arta. Turawa suna da wani irin wasan kwaikwayo wanda ake haɗa magana da waƙa da rawa a cikinsa. Ɗan wasa yana cikin magana, in abin da ke zuciyarsa ya fi ƙarfin magana sai ya ɓarke da waƙa, makaɗa suna biye da shi. Manyan gidajen wannan wasa suna unguwar Broadway a birnin New York na Amurka, da unguwar West End a Landan. A can akan yi wasa ɗaya sau 8 a mako, mako bayan mako, har shekaru in jama'a suna so. Ba kamar fim ba ne da za a ce a tsaya a sake. In ka yi kuskure, ɗaruruwan mutane sun gani da idonsu. Mu da muke shirya wasa ɗaya a zango, muka gama muka kwanta da ciwon maƙogwaro, ya kamata mu auna nauyin wannan aiki.

An haife ta ranar 1 ga Oktoba 1935 a garin Walton-on-Thames, kusa da Landan. Sunanta na yanka Julia Elizabeth Wells. Mutumin da ta tashi tana kira baba, Ted Wells, malamin aikin katako da ƙarfe ne, uwarta Barbara kuma makaɗiyar fiyano ce. Auren ya mutu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, uwar ta auri wani mawaƙi ɗan Kanada mai suna Ted Andrews, yarinyar ta zama agola, aka kuma ba ta sunansa. A cikin yaƙin, sa'ad da Jamus take jefa wa Ingila bama-bamai, kunnenta ya riga ya nuna kaifinsa. Ta ba da labari cewa takan hau kan ramin ɓuya da usur a hannu, in ta jiyo ƙugin bam mai tashi da kansa yana tafe sai ta busa, maƙwabta su ruga cikin rami.

Mijin uwarta ne ya fara koya mata waƙa. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai aka kai ta wurin wata gogaggiyar malama, Lilian Stiles-Allen. Ku 'yan ƙungiyar mawaƙa kun san cewa daga do na ƙasa zuwa do na sama tsani ɗaya ke nan. Yawancinmu da ƙyar muke hawa biyu. Ita kuwa tun tana ƙarama ana cewa muryarta tana kai huɗu. Amma malamar ba ta ruɗu da wannan ba. Ta dage mata a kan furta kalmomi sarai, domin wanda ke zaune a kujerar ƙarshe ya ji kowane harafi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A watan Oktoba na 1947, tana da shekara 12, ta fito a wani wasa mai suna Starlight Roof a gidan wasa na Hippodrome a Landan, ta yi kusan shekara guda a ciki. Ranar 1 ga Nuwamba 1948 ta rera waƙa a gaban Sarki Joji na 6 da uwargidansa a gidan wasa na Palladium, tana da shekara 13. Wanda ya ji haka zai ce yarinya ta yi sa'a. Amma a littafin tarihinta mai suna Home, wanda ya fito a 2008, ta faɗi abin da ke bayan labule. Mijin uwarta mashayi ne, uwar ma daga baya ta faɗa cikin shan giya. Tun ba ta kai shekara 18 ba kuɗin waƙarta ne ke riƙe da gidan, ita ce kuma ke kula da ƙannenta. Tana yawo gari gari a jirgin ƙasa tana waƙa, karatun aji ya gagara, sai dai aka ɗaukar mata malama mai koya mata a gida. Har ta girma tana nuna takaicin rashin samun cikakken ilimin makaranta.

A nan nake so in roƙi iyaye da malamai. Yaro mai baiwa yaro ne tukuna. In yarinya tana da murya, sai a riƙa fitar da ita daga aji don gwajin waƙa, a tafi da ita biki nan, taro can, kowa yana yabo, ba mai tambayar makin da ta ci a lissafi. Julie Andrews ta tsira, amma ba don an yi mata daidai ba. Yara nawa ne aka tatse muryarsu haka, suka girma ba takarda ba sana'a, ba wanda ya rubuta tarihinsu?

Ranar 30 ga Satumba 1954, ana gobe za ta cika shekara 19, ta fara fitowa a Broadway cikin wasan The Boy Friend. Daga nan aka zaɓe ta don wani sabon wasa, My Fair Lady, wanda aka gina a kan wasan Pygmalion na George Bernard Shaw. Labarin wata 'yar talla ce mai sayar da furanni a titin Landan, Eliza Doolittle, wadda wani shehun malami ya ci alwashin koya mata magana irin ta manyan gari. A nan ne baiwa ta nuna iyakarta. Waƙoƙin ba su ba ta wuya ba, amma kwaikwayon ya gagare ta. Abokin wasanta Rex Harrison, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, bai ɓoye rashin gamsuwarsa ba. Sai mai ba da umarni, Moss Hart, ya sallami dukan 'yan wasa na kwana biyu, ya tsaya da ita kaɗai. Ya bi da ita layi bayan layi, yana tsawa, yana lallashi, yana cewa a sake. Ta haɗiye hawayenta ta yi ta sakewa. Aka buɗe wasan ranar 15 ga Maris 1956, ya ci gaba har sau 2,717 a Broadway, abin da wani wasa mai waƙa bai taɓa yi ba kafin lokacin. Ita da kanta ta yi fiye da shekara uku tana fitowa a matsayin Eliza, tsakanin New York da Landan.

Ku dubi wannan da kyau. Yarinyar da ta rera wa sarki waƙa tana da shekara 13 ta yarda a mayar da ita 'yar koyo tana da shekara 20. Da ta ce ai ni ce wadda kowa ya sani, da a nan labarinta ya tsaya. Sau nawa muke ganin ɗan ƙungiyar wasa ya yi fushi ya daina zuwa gwaji domin malami ya gyara masa a gaban ƙananan ɗalibai? Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Masu tafi ba su ga kwana biyun nan ba, amma a kansu aka gina duk abin da ya biyo baya.

Sai kuma jarrabawa ta biyu, wadda ta shafi zuciya. Da za a mayar da My Fair Lady fim, mai kamfanin, Jack Warner, ya ce Julie Andrews ba ta da suna a sinima. Ya ba Audrey Hepburn matsayin Eliza, aka kuma sa wata mawaƙiya, Marni Nixon, ta rera yawancin waƙoƙin a madadinta. Ku yi tunanin ka yi shekara uku kana noma gona, ranar girbi a kira wani. Amma wani hani ga Allah baiwa ne. Walt Disney ya gan ta a wasan Camelot, wanda aka buɗe a 1960, ya nemi ta fito a fim ɗin Mary Poppins. Ta ce tana da juna biyu, ya ce zai jira. Fina-finan biyu suka fito a shekara ɗaya, 1964. A 1965 Julie Andrews ta karɓi lambar Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa, sunan Hepburn kuwa bai ma shiga jerin 'yan takara ba. A wani bikin ba da lambobin yabo na wannan shekara ta miƙa godiya ga Jack Warner, cewa shi ya sa duk wannan ya yiwu. Zolaya ce, kowa ya gane, aka yi dariya. Iyakar ramuwarta ke nan. Ba ta ɓata Hepburn ba, suka ci gaba da mutunta juna.

A watan Maris na 1965 aka fito da The Sound of Music, labarin Maria, wadda ta bar gidan sistoci a Salzburg ta ƙasar Ostiriya ta je renon yara bakwai na wani kyaftin, a daidai lokacin da 'yan Nazi suke shirin haɗiye ƙasar. Fim ɗin ya ci lambobin Oscar 5, ya kuma kafa tarihin kawo kuɗi a zamaninsa. Har wannan hoton na kan tudu yana da nasa labarin. Da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauke shi, kuma duk sa'ad da jirgin ya juya a kanta iskarsa takan fyaɗa ta da ƙasa. Ta tashi ta kakkaɓe ciyawa, a sake. Mu murmushin kawai muka gani.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Fina-finanta Star! na 1968 da Darling Lili na 1970 sun jawo asara mai yawa, kasuwar fina-finan waƙa ta faɗi. Aurenta na fari da Tony Walton, uban 'yarta Emma, ya mutu. A 1969 ta auri Blake Edwards, mai shirya fina-finai, suka zauna tare har rasuwarsa a 2010, suka kuma ɗauki riƙon 'yan mata biyu daga Biyatnam a 1974 da 1975. A wannan lokaci na sanyin kasuwa ta fara wani abu da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci: rubuta littattafan yara. Na farko, Mandy, ya fito a 1971.

A 1995 ta koma Broadway, bayan fiye da shekara 30, cikin wasan Victor/Victoria wanda mijinta ya shirya. Da aka fitar da sunayen 'yan takarar lambar Tony ta 1996, wadda ita ce babbar lambar yabo ta Broadway, sunanta kaɗai aka ɗauka daga wasan, aka tsallake sauran abokan aikinta duka. Ba ta taɓa cin wannan lamba ba a rayuwarta. Duk da haka ta tsaya a kan dandamali ta gaya wa 'yan kallo cewa ta janye, za ta tsaya tare da waɗanda aka manta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ita kuma ta san da masu jan labule da makaɗa da masu ɗinka kaya ake yin wasa.

Wannan wasa ne ya gajiyar da muryarta. A 1997, tana da shekara 61, ta shiga wani asibiti a New York domin a gyara wani lahani a jijiyoyin muryarta, wanda ba ciwon daji ba ne. Ta ce an gaya mata cikin mako shida za ta warke. Mako shida suka wuce, shekara ta wuce, murya ba ta dawo ba. A 1999 ta kai ƙara kotu, aka sasanta a 2000. Amma kotu ba ta mayar da murya. Ba ta ɓoye cewa ta shiga baƙin ciki mai tsanani ba, har sai da ta nemi taimakon masu ba da shawara. An yi mata wasu ayyukan da suka gyara muryar magana, ta waƙa kuwa sai 'yan muryoyin ƙasa kaɗan suka rage. A 2010 ta yi wani taron waƙa a Landan, inda wasu 'yan kallo suka fita suna gunaguni domin ba su ji muryar da suka biya kuɗi don ji ba.

To, me ya rage mata? Furucin nan da malamarta ta dage mata a kai tun tana yarinya ya rage, kwaikwayon da Moss Hart ya dasa mata ya rage, alkalamin da ta ɗauka a 1971 ya rage. Ita da 'yarta Emma Walton Hamilton sun rubuta littattafan yara fiye da 30. Ta ce wata rana tana kuka da rashin muryarta, 'yar ta nuna mata cewa ai rubutun nan ma wata hanya ce ta amfani da murya. A 2001 ta fito a matsayin sarauniya a fim ɗin The Princess Diaries, sabon zubin yara suka san ta. Ta ba da muryar magana a Shrek 2 a 2004 da Despicable Me a 2010. Ta koma mai ba da umarni: a 2003 ta shirya The Boy Friend, a 2016 kuma ta shirya My Fair Lady a birnin Sidni na Ostireliya, shekara 60 bayan ta fara fitowa a cikinsa. Wadda aka tsare kwana biyu ana koya wa Eliza, ga ta tana koya wa wata. A 2000 Sarauniyar Ingila ta ba ta sarautar Dame, a 2025 kuma ta cika shekara 90.

Na san akwai masu ja da ni. Wani zai ce ai mai kuɗi ce mai suna, in ƙofa ɗaya ta rufe goma za su buɗe mata, mawaƙin ƙauye kuwa in muryarsa ta tafi sai bara. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma wannan hujja ce a gare ni. In har wadda take da dukiya da suna ta shiga irin wannan ƙunci, ina ga wanda ba shi da kome sai murya? Shi ya fi kowa bukatar ya riƙe karatunsa, ya koyi abu na biyu da na uku tun da sauran lokaci.

Wani kuma, musamman cikin iyaye, zai ce me ya kai mu yabon 'yar wasa, ai hawa dandamali ba sana'ar 'yar mutunci ba ce. Ni ma ba dukan fina-finanta ne zan ce a nuna a zauren makaranta ba, kuma ban ce ita waliyyiya ce ba. Amma a duba abin da aikin ya nema daga gare ta: zuwa a kan lokaci sau 8 a mako, karɓar gyara, haddace magana, girmama abokan aiki, haƙuri in an hana ka abin da kake ganin naka ne. Ashe ba waɗannan ne ake aiko mu makaranta mu koya ba? Ɗan ƙungiyar wasa da ya riƙe su zai amfana da su ko da likita ya zama, ko manomi, ko malamin firamare.

Saboda haka ga shawarata. Ke mai murya, ki yi waƙa da dukan ƙarfinki, amma ki kula da maƙogwaronki, ki huta in kin gaji, kada yabo ya sa ki yi ta ihu har ki ji wa kanki ciwo. Ki zauna a aji ki yi karatu. Kai ɗan ƙwallo da kai mai gudu, maganar ta shafe ku, domin gwiwa ma aro ce. Kai mai kaifin ƙwaƙwalwa da kake zuwa na ɗaya ba tare da wahala ba, wata rana za ka haɗu da darasin da zai gagare ka, ranar ce za a san ko ka iya zama a gyara maka. Malamai, muna roƙo ku yi mana irin na Moss Hart: ku faɗa mana gaskiya, amma kada ku sallame mu. Mu 'yan tafi kuma, mu riƙa yabon ƙoƙari kamar yadda muke yabon baiwa, mu tuna da waɗanda suke tsaye a layin baya.

Ga 'yan ajin ƙarshe da za su bar mu a bana, kowannenku zai fita da abin da aka san shi da shi a makarantar nan. Ku yi amfani da shi sosai, ku gode wa wanda ya ba ku aronsa. Amma ku tambayi kanku tun yau: in an wayi gari an karɓe shi, me zai rage a hannuna? Allah ya ba ku amsa mai kyau, ya kuma kai ku gida lafiya.